Daga Watanni Zuwa Awa Ɗaya Da Rabi: Tarihin Tafiya Tsakanin Legas Da Kano



Duk wanda ya zauna a Agege ko Dopemu ya saba da ƙarar jirgin sama. Jiragen da za su sauka a filin jirgin Ikeja galibi ta kanmu suke bi, sun yi ƙasa-ƙasa har mutum yana iya karanta sunan kamfanin da ke jikinsu. Yaranmu da aka haifa a nan ko ɗaga kai ba sa yi. Wasu daga cikin jiragen nan daga Kano suke, kuma mutanen da ke ciki, awa biyu da ta wuce suna can suna sallama da 'yan uwansu. Wannan ita ce tafiyar da kakanninmu sai sun yafi juna da iyalansu sun bar wasiyya kafin su kama ta. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwaya mu ga yadda aka yi nesa ta zo kusa, da kuma waɗanda ta zo wa kusan.

Nawa ne nisan?

Idan aka ja miƙaƙƙen layi daga filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, nisan kimanin kilomita 830 ne. Jiragen fasinja na yanzu suna gudun kusan kilomita 800 a awa idan sun daidaita a sama. Mai lissafi zai ce to ai awa ɗaya ke nan da 'yan mintoci. Amma a tikiti awa ɗaya da rabi ake rubutawa, ko abin da ya yi kusa da haka, domin jirgi ba ya fara wannan gudun daga ƙasa. Sai ya gangara ya kai bakin titin tashi, ya jira izini, ya ɗauki wajen minti ashirin yana hawa, sannan tun da sauran tafiya ya fara saukowa yana rage gudu.

Wannan layin, idan aka duba taswira, yana bi ta kusa da Ibadan da Oshogbo, ya haye kogin Kwara a ƙasar Nufe, ya gifta Minna, ya bi ta gefen Kaduna, ya ratsa Zariya, sannan ya faɗa Kano. A ƙasa kuwa ba a samun hanya miƙaƙƙiya haka. Layin dogo daga Legas zuwa Kano kilomita 1,126 ne, hanyar mota ma ta kai kilomita dubu ko fiye, gwargwadon ko ta Ilori da Jabba aka bi ko ta Lakwaja da Abuja.

Ƙasar tana nan yadda Allah ya shimfiɗa ta, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Lokacin da ake ɗauka kafin a ƙetare ta shi ne ya yi ta sauyawa, kuma duk sauyin da ya yi sai ya taɓa yadda muke zaune a Kurmi.

Zamanin fatake

Kafin zuwan Turawa, ba a auna tafiya da awa, da zango ake auna ta. Ayari yakan tashi da asuba a ƙarƙashin madugu, jagaba yana gaba, jakuna da 'yan alaro suna ɗauke da kanwa da tufafin Kano da fatu, a yi tafiya har rana ta take, sannan a yada zango. Idan muka ɗauka ayari yana cin kilomita ashirin zuwa ashirin da biyar a yini, to hanyar da ta haura kilomita dubu za ta ci kwana arba'in zuwa hamsin, ba hutu ko na kwana ɗaya. Kuma babu ayarin da ke tafiya ba hutu. Akwai jiran fito a bakin Kwara, akwai cinikin kuɗin hanya da sarakunan garuruwa, akwai cin kasuwa, akwai rashin lafiya, akwai labarin 'yan fashi ko yaƙi a gaba wanda zai sa a dakata. Saboda haka tafiyar ta watanni ce. Abin da ayari ke wuni yana ci, jirgin yau a minti biyu yake shafe shi.

Akwai misali a rubuce. Baturen nan Clapperton ya tashi daga Badagiri, nan kusa da mu, a watan Disamba na 1825, ya bi ta tsohuwar Oyo da ƙasar Borgu, bai shiga Kano ba sai a watan Yuli na 1826. Wata bakwai ke nan. Gaskiya ne ya yi dogon zama a fadodin sarakuna, amma irin wannan zaman ai yana cikin tafiyar wancan zamani.

A lokacin ma babbar hanyar fatakenmu ba Ikko ta nufa ba. Gwanja ta nufa, wajen sayen goro a kasuwar Salaga da ke ƙasar Gana ta yanzu, kuma zuwa da dawowa yakan ci rabin shekara, wani lokaci shekara guda. Wanda ya zo bakin teku a wannan zamani ya san ba zai ga gida nan kusa ba. Idan mahaifinsa ya rasu, labarin ma sai ayari na gaba ya kawo. Wannan nisa shi ya haifar da zango da mai gida da fatoma: dole baƙo ya sami wanda zai sauke shi, ya adana masa kaya, ya tsaya masa a ciniki, ya binne shi idan ta Allah ta kasance.

Zuwan dogo

Turawa sun fara shimfiɗa layin dogo daga Legas a ƙarshen ƙarni na 19. Ya isa Ibadan a 1901, ya kai Jabba a 1909. A ɗaya ɓangaren kuma an taso da wani layin daga Baro a bakin Kwara, wanda ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗe su suka zama reluwe guda. Da farko babu cikakkiyar gada a Jabba, sai an ɗora taragai a kan jirgin fito an haye da su, har zuwa lokacin da aka kammala gadar bayan 'yan shekaru.

A nan ne watanni suka koma kwanaki, kuma a duk tarihin wannan hanya babu sauyin da ya taɓa talaka kamar wannan. Gyaɗa da fatu da shanu suka riƙa gangarowa, goro yana hawa. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara gane inda iska ta juya: maimakon jakuna daga Gwanja, sai ya riƙa ɗauko goro ta jirgin ruwa zuwa Legas, daga baya kuma da dogo ya iso Kano ya koma gida ya shiga cinikin gyaɗa. Manoman Yarbawa a Agege da Ota da Shagamu suka dasa irin goron da muke so, wanda har yau suke kira gbanja, wato Gwanja. Iyayenmu suka sauka a bakin tashoshi suna saye suna ɗaure huhu suna lodawa. Zangon Agege a gefen tashar jirgi ya girma, haka Sabo ta Ibadan wadda aka kafa a 1916. In an bi asalin yawancin unguwanninmu a ƙasar Yarbawa, za a tarar tasha ce ta haife su.

Jirgin sama ta Kano ya shigo

Abin da da yawa daga cikin matasanmu ba su sani ba shi ne, jirgin sama bai fara zuwa Legas sannan ya tafi Kano ba. Ta Arewa ya shigo. A ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a filin sukuwa na Kano. Daga kusa da Alƙahira suka taso, suka bi ta Hartum da Fashir da Fort Lamy, wadda ake kira Njamena yanzu, da Maiduguri. Wannan kuwa ita ce tsohuwar hanyar alhazanmu na ƙasa, wadda suke shekaru a kanta kafin su kai Makka. Jiragen nan a cikin kwana shida suka biyo ta. A lokacin Sarki Usman ne a kan gadon sarautar Kano.

Sai a 1936 aka fara zirga-zirga ta yau da kullum. Kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanya daga Hartum zuwa Kano a watan Fabrairu, sannan a watan Oktoba na wannan shekara aka ƙarasa da ita Legas. Wannan shi ne mafarin jirgin Kano zuwa Legas. Jirgin ƙarami ne mai farfela huɗu, samfurin DH.86, gudunsa bai kai sulusin na jiragen yanzu ba, kuma an tanadar masa filayen sauka a Kaduna da Minna da Oshogbo. A Legas, Apapa yake sauka, domin ba a yi filin Ikeja ba tukuna. Wasiƙun gwamnati da na kamfanoni su ne babban kayansa. Ba don mu aka kawo shi ba. Mutanenmu na wancan lokaci kallonsa kawai suke yi yana wucewa, su koma kan huhunansu a tasha.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mayar da wannan hanya babba. Da aka toshe wa Ingila hanyar tekun Bahar Rum, daga 1940 sai ta riƙa kawo jiragen yaƙi a akwatuna zuwa Takoradi a Gana, a harhaɗa su a can, a tuƙo su zuwa Legas, daga Legas zuwa Kano, daga nan Maiduguri, Hartum, har Masar. Dubban jirage sun bi wannan hanya. A wannan yaƙi aka gina filin Ikeja, aka kuma faɗaɗa na Kano. Bayan yaƙi, Kano ta zama masaukin manyan jiragen Turai masu ƙetare Sahara, irin su BOAC da KLM da Sabena, domin jiragen lokacin dole su sha mai kafin su shiga hamada ko bayan sun fito. Shekaru da dama, jirgin London zuwa Legas sai ya yada zango a Kano.

Lokacin da aka tuna da talaka

A 1946 aka kafa kamfanin West African Airways Corporation, mallakar ƙasashe huɗu da Ingila ke mulka a Afirka ta Yamma, hedikwatarsa tana Ikeja. A farkon shekarun 1950 kamfanin ya yi wani abu da ya kamata mu riƙa tunawa. Ya ɗauko jiragen Bristol, waɗanda asali na ɗaukar kaya ne, ya zuba musu kujeru, ya karya farashi don 'yan ƙasa su iya shiga. Ɗaya daga cikin waɗannan jirage sunan da aka ba shi Hausa Flyer, wato jirgin Hausawa. Yana bi ta Ibadan da Jos, kuma daga Legas zuwa Kano wajen awa huɗu yake yi, a lokacin da jirgin ƙasa ke cin kusan kwana biyu.

Wannan suna ba a banza aka sa shi ba. Masu kamfanin sun san su wane ne ke kai da kawowa tsakanin Kurmi da Arewa, sun san akwai ɗan kasuwar da kwana biyu a tarago asara ce gare shi. Shekara saba'in da suka wuce an taɓa zama an yi lissafin yadda mai matsakaicin ƙarfi zai hau jirgin sama a wannan hanya.

Kamfanin ya watse a 1958 bayan Gana ta sami 'yanci ta ware nata, Najeriya ma ta kafa nata wanda ya zama Nigeria Airways. A shekarun 1960 ya kawo jiragen Fokker F27 masu farfela, sannan a shekarun 1970 jiragen jet irin su Fokker F28 da Boeing 737 suka karɓi hanyoyin cikin gida. A nan ne tafiyar ta sauko zuwa awa ɗaya da rabi. Kuma a nan ta tsaya. Yau fiye da shekara arba'in ke nan ba a ƙara rage komai a kai ba, domin jiragen fasinja na yanzu sun fi na da tsimin mai da rashin ƙara, amma ba su fi su gudu ba.

Filaye biyu, sunayen Kanawa biyu

A ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 aka kashe Janar Murtala Ramat Muhammed a Ikoyi, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis. Ta wannan hanya ta sama aka ɗauki gawarsa zuwa Kano, inda aka yi masa sutura. Aka sa wa filin jirgin Legas sunansa, sabon ginin jiragen ƙasashen waje kuma aka buɗe shi a 1979. Malam Aminu Kano ya rasu a watan Afrilu na 1983, daga baya aka sa wa filin Kano sunansa. Saboda haka duk wanda ya yanki tikitin wannan hanya, daga sunan Bakano yake tashi, a kan sunan Bakano yake sauka.

Daga shekarun 1980 'yan kasuwar Arewa suka shiga harkar da kansu. Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air, Alhaji Ahmadu Chanchangi ya kafa Chanchangi, gidan Isyaku Rabi'u suka yi IRS, daga baya Max Air da Azman da Rano Air suka biyo. Nigeria Airways kuwa ya durƙushe a 2003. Komawar babban birnin tarayya Abuja a 1991 ta janye 'yan siyasa da ma'aikatan gwamnati daga wannan hanya, ta bar ta ga masu ita na asali, wato 'yan kasuwa da masu zuwa ganin gida.

Hanyar ta ga baƙin ciki ma. A ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin alhazai da ya taso daga Jidda zai sauka Legas, aka karkatar da shi Kano saboda rashin kyawun yanayi, ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. A ranar 4 ga Mayu 2002 kuma jirgin EAS da ya tashi daga Kano zuwa Legas ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa, sama da mutum ɗari suka rasu, na cikin jirgi da na cikin gidajensu. Allah ya jiƙansu da rahama.

Awa ɗaya da rabi, ga wa?

Wanda ya saba bin hanyar ya san awa ɗaya da rabi lissafin sama ne kawai. Mai tasowa daga Alaba Rago ko Mile 12 yana iya daɗewa a cunkoson motoci fiye da yadda zai daɗe a cikin jirgi. Ga zuwa da wuri don a auna kaya, ga jinkirin tashi. Idan hunturu ya shiga kuma, hazo yakan rufe Kano har matuƙi ya kasa ganin titin sauka, a ɗage tafiya ko a soke ta. Sannan wanda ya sauka Kano ba lalle ne ya isa gida ba. Wataƙila Ɗambatta ko Gumel ko Daura ko Zinder ya nufa. Duk da haka, wanda ya karya kumallo a Agege yana iya yin la'asar a garinsu.

Mun fi sanin darajar wannan ranar da waya ta buga da asuba aka ce an yi rasuwa. Mu ba ma ajiye gawa. Wanda ya sami kujera a jirgin safe yana iya tarar da jana'iza, ko aƙalla ya zauna karɓar gaisuwa tun ranar farko. Wanda bai da kuɗin tikiti sai ya kama hanyar tasha, ya kwana a mota, ya isa washegari an riga an kai. Uwa ɗaya uba ɗaya, unguwa ɗaya a Legas, amma ɗaya Kano tana awa ɗaya da rabi daga gare shi, ɗayan tana kwana guda.

Kuma gaskiyar magana, mafi yawanmu na biyun ne. Masu sayar da ruwa da masu gadi da 'yan acaɓa da masu dako a kasuwa, a manyan bas-bas na dare suke tafiya, wasu a saman tirelar da ta sauke shanu ko tumatir za ta koma. Sukan yi awa ashirin ko fiye a hanya, ga ramuka, ga shingaye, ga fargabar ɓarayi da masu garkuwa da mutane, kuma kowace unguwa tamu ta san wanda ya tafi a haka bai isa ba. Jirgin ƙasan da ya kafa unguwanninmu ya yi shekaru a kwance. An farfaɗo da shi a ƙarshen 2012 yana cin sama da awa talatin, amma bai zama abin dogaro ba. Sabon layi mai faɗi ya haɗa Abuja da Kaduna a 2016, ya haɗa Legas da Ibadan a 2021, sauran hanyar ce har yanzu ba a haɗe ba.

Idan muka dubi tarihin nan gaba ɗaya, sau biyu aka rage wa talaka nisan Kano da gangan: da zuwan dogo a 1912, da kuma ɗan lokacin jirgin Hausawa a shekarun 1950. Don haka idan masu neman ƙuri'a suka zo fadar Sarkin Hausawa suna tambayar abin da muke so, ƙarasa layin dogo daga Ibadan zuwa Kano ya cancanci ya kasance a sahun gaba. Shi ne zai yi wa mai ƙaramin ƙarfi abin da jirgin sama ya yi wa mai hali.

Waɗanda Allah ya hore wa kuɗin tikiti kuma, akwai magana tsakaninmu. Kakanninmu da suke watanni a hanya ba su yar da gida ba. Suna aika goro, suna aika yara karatun allo, suna komawa aure. Yau akwai yaran da aka haifa a ƙarƙashin hanyar jiragen nan, sun kai shekara goma sha biyar ba su taɓa ganin garin ubansu ba, Hausar ma tana neman kuɓuce musu. Da, nisa ne uzuri. Yanzu mai hali ba shi da wannan uzurin. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, kuma ba a taɓa sauƙaƙa wa ƙafar kamar yanzu ba. Haka nan idan maƙwabci ya sami kiran asuba irin wanda muka ambata, kuɗin kujera ɗaya da za a haɗa masa yana cikin taimakon da ba zai manta ba har abada.

Dattawanmu da suka hau jirgin ƙasa daga tashar Ido ko Agege a zamanin da yake kan ganiyarsa, da waɗanda suka fara hawa jirgin sama a zamanin Nigeria Airways, suna nan da ransu a cikinmu. Mu zauna da su mu ji nawa suka biya, kwana nawa suka yi, wa ya sauke su da suka iso. Wannan ɓangaren tarihin ba ya cikin littafin kowa, yana bakinsu.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka share mana wannan hanya da ƙafafunsu. Allah ya tsare matafiyanmu na sama da na ƙasa, ya kai kowa gida lafiya, amin.